Shekarar da Na Hana a Rufe Allo

Ba don ku na bar aiki ba. Na san haka kakarku Iya ta riƙa gaya muku har ta koma ga Allah, babanku ma bai taɓa gyara mata zancen ba, ni kuma na yi shiru saboda labarin ya yi mini kyau: uwa ta ajiye aikin albashi don ta reni 'ya'yanta. To, na tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, kuma ba na son in tafi in bar ku kuna yabona a kan abin da ban yi ba. 'Yar'uwarku Bilkisu ce ta tono maganar ba da saninta ba. Da ta zo hutun sallar bara, ta baje kwamfutarta a kan tabarmata tana ta tsaki. Wai manhajar da take rubuta wa wani kamfani tana da jadawalin bayanai layi-layi, kuma duk sanda sababbin bayanai suka fara shigowa ta bayan fage sai jadawalin ya daskare, mai aiki ya danna ya danna, ko motsi. In kuma ta bar shi yana karɓa ɗaya-ɗaya, sai layukan su dinga tsalle, mutum ya kai hannu kan wannan suna ya tarar wani ya hau wurin. Na ce mata na san wannan ciwon, na yi jinyarsa da katako da kwali tun ba a haife ta ba. Ta yi dariya ta ce, "Mama ke nan." Ban ji haushi sosai ba. Na dai ce a raina zan rubuta.

Shekara guda kafin soja su miƙa mulki ga farar hula karon farko, ina akawun kati a wani asibiti a nan Jos. Ba zan faɗi sunansa ba, don laifin da ke cikin labarin nan nawa ne. Muna zaune a Dutse Uku a ɗaki biyu, ni da babanku da Iya mahaifiyarsa da ku biyun farko. Babanku yana ɗinki a shagonsa na Kwararafa, ni kuma kullum da safe in ɗaura suwaita a kan zani in gangara. Aikina taga ɗaya ce da allo ɗaya. Allon na katako ne, ya cinye rabin bangon baranda, an yi masa siraran aljihuna layi-layi, kowane aljihu da katin majinyaci guda: sunansa, ɗakin da yake kwance, da lambar gadonsa. Kowa da allon nan yake aiki. Masu rabon abinci su duba, nas-nas su duba, limami da fasto in sun zo dubiya su duba, balle dangi da suke sauka daga motocin Bukuru da Barikin Ladi da kwanukan abinci ɗaure a ɗankwali. Wanda bai iya boko ba ya zo taga, in leƙa in karanta masa. Daga ɗakunan jinya kuwa ƙananan takardu ne ke zuwa wuni guda, an kwantar da wane, an sallami wance, an canza wa wane gado. Wani dattijon masinja mai suna Baba Pam ne ke kawo su a aljihun kakinsa.

Yadda na tarar ana yi shi ne, ƙarfe goma na bugawa a saki tamfol a kan allon, a rufe taga, a kwashe katunan kaf a shiga da su ciki. A gyara na gyarawa, a sake jera su bisa haruffa tun daga farko, sannan a fito a mayar. Ba a ɗaga tamfol sai sha biyu, wani lokaci har azahar. Ga shi lokacin nan ne motocin ƙauye ke isowa. Ina ciki ina jera kati, ina jin mutane a waje suna ƙwanƙwasa tagar a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda ya san ba za a buɗe ba. Abinci ya huce a kwano, jarirai su yi kuka su gaji. Kati ɗari biyu da wani abu nake kwashewa saboda guda ashirin da suka canza. Shekara biyu ina wannan, kuma gaskiya ba tausayi kaɗai ya dame ni ba, rashin kan gadon abin ne ya fi ci mini rai.

Babanku ne ya ba ni dabarar, shi ma bai sani ba. Wata Asabar na biya shagonsa na tarar da wani mutum tsaye sanye da rigarsa, babanku na durƙushe yana kama masa bakin aljihu da allura. Na ce don me ba zai tuɓe ba a ɗora a keke.

"Aljihu kaɗai ya yage," in ji shi, bakinsa da zare. "In sa mutum ya tuɓe ya zauna cikin sanyin nan saboda aljihu?"

Ran Litinin na shiga ofishin shugabanmu, Oga Samuel. Mutum ne mai tsafta da son oda, biro uku a aljihu, kuma ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Na roƙe shi ya ba ni wata guda in gwada barin allon a buɗe. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi magana da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Hajara, wannan allo tun zamanin Turawa ana rufe shi. Kai ka fi su sani?"

Na ce ban fi su sani ba, amma su ba su taɓa zama a bayan tagar ba. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce wata ɗaya, kuma in wani abu ya lalace a kaina zai faɗo.

Ban gane kan aikin a tashi ɗaya ba. Satin farko duk takardar da Baba Pam ya kawo sai in zabura in fita in gyara nan take, in tura katunan ƙasa don sabon suna ya shiga gurbin harafinsa. Wata rana na wuni ina shiga ina fita, layin taga ya kai bakin ƙofa, wani tsoho kuma da yake bin sunaye da yatsa a hankali ya juyo ya ce mini, "'Yar nan, ki bar allon nan ya tsaya wuri ɗaya mana. Sau uku ina kamo ɗana yana kuɓuce mini." Na koma ciki da kunya. Daga nan na kafa wa kaina ƙa'idoji. Na samo farantin silba na ajiye a gefen dama, duk takardar da ta zo ta shiga ciki in danne da dutse. Ba na karanta su ina sallamar mutane. Duk rabin awa sai in ce wa na gaban taga ya yi mini haƙuri kaɗan, in juya teburin baya in rubuta sababbin katunan a can inda ba mai jira na gani, sannan in fita da su a hannu in canza waɗanda suka canza kawai, cikin minti biyu in dawo. Sabon suna ba ya ture kowa, ƙasan allo yake zama sai an tashi aiki in jera. In na ga yatsan mutum a kan layi ba na taɓa layin sai ya ɗauke. Katin da na canza kuwa in soka masa jan zare daga ragowar ɗinkin babanku, don masu rabon abinci su gane daga nesa.

Abin ya yi. Ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, ya yi ƙwarai. Tamfol ɗin ya koma sito, baranda ta daina cika, wata guda ya wuce Oga Samuel bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Baba Pam in ya sauke takardu sai ya ce, "Yarinya na, yau ma babu wanda ya zagi uwanmu." Amma aikin ya ci ni. Da can in an rufe taga ina samun awa biyu ba mai kallona, in ci ɗan abin da na ƙunso, in miƙe ƙafa. Yanzu daga bakwai har uku kunnena ɗaya na wurin taga, idona ɗaya na kan agogo. In na dawo gida ba na iya ko fira. Iya ta sa mini suna Ma'aikaciya, kuma ba da daɗi take faɗinsa ba.

"Ma'aikaciya an dawo? Ga 'ya'yanki can, tun rana nake gaya musu suna da uwa, sun ƙi yarda."

Babanku ba ya shiga tsakaninmu. Iyakarsa in ya ga ina gyangyaɗi a kan tuwo ya janye kwanon kada in tsoma hannun riga. Sau ɗaya ya tambaye ni ko an ƙara mini wani abu saboda wannan wahala. Na ce a'a. Ya ce to don wa nake yi. Na ce don kada a ƙwanƙwasa mini taga. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, amma ba na tsammanin ya gane.

Wata biyar muna haka, har tsakiyar damina. Ranar da nake son ku sani Laraba ce, an kwana ana ruwa, da safe ma yana ta yayyafi mai sanyi. Wajen sha ɗaya saura Baba Pam ya shigo jiƙe, ya zube takardu shida ko bakwai a faranti, na danne da dutse ban duba ba, don akwai mutane a taga kuma da sauran minti goma kafin lokacin gyara. Ta uku a layin wata mace ce da goyo, ta lulluɓa da mayafi har goshi. Ta ce sunanta Hanne, daga Kwararafa, mijinta Malam Idi direban motar dankali ne, an kwantar da shi kwana huɗu da ciwon ƙirji, jiya ba ta samu zuwa ba saboda yaron ba lafiya, kuma an ce mata ana yawan canza gado. Na leƙa na dubi allo. Ɗakin maza na biyu, gado na sha huɗu, babu jan zare. Na gaya mata da ƙarfin gwiwa, har na ƙara da cewa yana nan inda ta bar shi. Ta yi godiya ta hau tudu zuwa ɗakunan jinya da kwanonta.

Da sha ɗaya ta buga na juya teburin baya na ɗaga dutsen. Takarda ta biyu daga sama ta Malam Idi ce. Jikinsa ya rikice da safe, an mayar da shi ƙaramin ɗakin da ke bayan ɗakin tiyata, kuma nas ta rubuta a ƙasa da hannunta cewa yana kiran matarsa, in ta zo a turo ta nan da nan. Takardar nan tana ƙarƙashin gwiwar hannuna sanda nake ce wa matar yana nan inda ta bar shi. Na aiki Baba Pam da gudu, tsoho da ciwon gwiwa, cikin ruwa. Ya dawo yana haki ya ce ba ta nan.

Daga baya muka haɗa yadda aka yi. Ta isa gado na sha huɗu ta tarar an yaye zanin gado, an naɗe katifa, babu butarsa babu takalminsa. A asibitin nan haka ake yi wa gadon wanda ya rasu, haka kuma ake yi wa gadon wanda aka ɗauke, amma ita na farkon kaɗai ta taɓa gani. Likita na zagaye a can ƙarshen ɗakin, nas-nas duk suna bayansa, ita kuwa ba macen da za ta ratsa ɗakin maza ta tare likita ba ce. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Kun san yadda muke: mace ba ta zuwa neman gawa, maza ake gaya wa su zo su karɓa, kuma ba a son a ɓata lokaci. Ta tafi gida a ƙafa ta faɗa. Kafin a nemo 'yan'uwansa daga tasha da kasuwa, a yanko likkafani, a samo mota, la'asar ta yi. Mu kuma a katinsa babu abin da aka rubuta sai Kwararafa, ba lambar gida, ba sunan mai unguwa. Malam Idi ya kai har bayan azahar da ransa, yana tambaya ko ta zo. Da 'yan'uwan suka iso da likkafanin, bai fi awa guda da cikawa ba.

Washegari Oga Samuel ya kira ni da Baba Pam. Nas ɗin ta kai ƙara, kuma tana da gaskiya. Ya tambayi ƙarfe nawa takardar ta iso ofis. Kafin in buɗe baki Baba Pam ya ce, "Oga, ruwa ya tare ni a hanya, ban kawo shi da wuri ba." Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, ga shi saura shekara guda ya yi ritaya. Na ce ba haka ba ne, takardar ta riga matar isowa, tana cikin farantina. Na roƙi Oga ya bar ni in gyara abu ɗaya: nas-nas su riƙa lanƙwasa kusurwar duk takardar da ba ta jira, in na ga lanƙwasa in bar komai in karanta. Kuma duk wanda ya zo taga, kafin in duba masa allo in fara leƙa farantin. Ke Bilkisu, abin da na so in gaya miki ke nan ranar da kika yi dariya. Ki tara saƙonni ki zuba su lokaci-lokaci, ki yi babban aikin a baya, kada ki motsa layin da mutum ke kai, duk daidai ne. Amma ki san allonki kullum yana bayan gaskiya da ɗan lokaci, kuma ba duka saƙonni ne ke iya jiran ɗan lokacin nan ba. Ni sai da mutum ya mutu yana kiran matarsa na san haka.

Oga ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Da tamfol yana rufe, da matan nan ya zauna a baranda har sha biyu, mu buɗe, mu gaya masa daidai. Da ya samu mijinsa da rai."

Gaskiya ya faɗa. Ya ba ni takardar gargaɗi, bai kore ni ba. Aka fito da tamfol daga sito, ɓeraye sun ci gefensa, aka rataya.

Na ci gaba da zuwa aiki. Goma ta yi in saki tamfol da hannuna, in rufe taga, in kwashe kati. Ƙwanƙwasar ta dawo. A gida Iya ta lura ina dawowa da sauran ƙarfi, har ta ce ashe Ma'aikaciya ta iya dariya da yara, ba ta san ba dariyar daɗi ba ce. Babanku kaɗai na gaya wa. Ya ce kwanan mutumin ne ya ƙare. Na ce na sani, ban ce ni na kashe shi ba. Abin da na hana shi da matarsa daban ne: sallama.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, wata safiya ina ciki ina jera kati, aka ƙwanƙwasa. Sau biyu, a hankali. Ban san abin da ya sa ba na karya doka na buɗe. Hanne ce, ta fita takaba, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ƙanwarta aka kwantar za ta haihu, ta zo neman ɗakin. Na duba katunan da ke hannuna, na duba farantin sau biyu, sannan na gaya mata. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallona.

"Ke ce ta ranar nan," ta ce. "Ban manta ki ba. Ko jan rai ba ki yi mini ba, nan da nan kika gaya mini gadonsa. Allah ya saka miki da alheri."

Na ce amin.

"Ni ce ban yi hankali ba, baiwar Allah. Da na tsaya na tambayi ko mai shara ne. Sun ce har azahar yana cewa ina Hanne. Ina gida ina kukan mutuwarsa, shi yana nan yana jirana." Ta gyara goyonta. "Danginsa ba su ce mini komai ba, amma na san abin da suke gani. Ni ma shi nake gani."

Farantin yana nan a gefen damana, dutsen na kai. Magana ɗaya ce: takardar tana nan sanda kika zo, ni ce ban duba ba. Na faɗe ta a gaban Oga ba tare da gardama ba. Amma a gaban matar nan da ta gama yi mini addu'a sai bakina ya yi nauyi. Na ji tsoron yadda fuskarta za ta canza, abin da na ji tsoro ke nan, ba wani abu ba. Na ce mata, "Haka Allah ya ƙaddara, ki daina ɗora wa kanki." Ta ce haka ne. Ta sake godiya ta hau tudu.

Na rufe tagar na zauna. Ban ƙarasa jera katunan ba, Baba Pam ne ya tarar da ni haka ya kira wani akawu ya ƙarasa. Ƙarshen watan na ajiye aiki. Na ce wa Oga yara ne, na ce wa Iya yara ne, ta yi murna har ta yanka kaza.

Hanne ba ta sake aure ba. Kun san ta, ita ce Baba Hanne mai ƙosai a bakin layin shagon babanku, wadda take ƙara muku guda biyu in na aike ku. Shekara arba'in muna haɗuwa a biki da suna da gidan rasuwa, mu gaisa, ta tambayi kowannenku da sunansa. Sau da yawa na ɗaura niyyar gaya mata daga gida, in na isa sai in sayi ƙosai in dawo. Ta rasu shekara uku da suka wuce, tana nan a kan cewa ita ce ta juya ta bar mijinta. Da aka zo yi mata wanka aka nemi wata tsohuwar da ta san ta tun da, matan gidan suka nuna ni. Ni na riƙe butar.